Mai Sikeli a Bisichi

Shekara goma sha ɗaya ina auna baƙin yashi.
Na san nauyin kuza da ido,
na san mai jiƙa buhunsa da daddare
don kilo ya ƙaru.

Ranar Talata, sanyi bai sauka daga kan duwatsu ba,
saniyar Gidado ta zurma rami.
Bunajin nan mai karyayyen ƙaho
wadda iyayenta suka bi burtalin nan
tun ba a san ƙasa tana da hanji ba.

Ramin na Chuwang ne.
Wata uku yana haƙa, gaba goma sha huɗu,
da kuɗin dankalin matarsa ya sayi igiya da fitila.

Gidado ya ce, nan hanyar shanu ce, tambayi kowa.
Chuwang ya ce, nan gonar accar kakana ce,
injin Bature ya cinye rabi
ya bar mana koren tafki da ko kwaɗo ba ya so.
Kowa ya rantse da kabarin nasa.
Sanda ta tashi, shebur ya tashi,
ni kuwa na rungume sikelina
kamar shi za a fara sara.

Sai ta yi kuka daga ƙasa.
Kuka ɗaya, dogo, kamar daga cikin tulu.

Ban ga wanda ya fara sauke hannu ba.
Na dai ga Chuwang da igiya a ƙugu,
Gidado da 'ya'yansa biyu
sun kafa dugadugai a jar laka suna sassauta masa.
Mata masu wankin kuza suka bar kwanoninsu,
suka kama wutsiyar igiya.
Har azahar.
Ta fito da rai, amma ƙafar baya ta tafi.
Aka sa mata wuƙa kafin ta zama mushe,
mahaucin Bukuru ya taya yadda ya ga dama.

Aka ce in auna naman, na auna.
Ɗari da tara.
Ba wanda ya tambaye ni nauyin sunan
da Gidado ke kiranta da shi da yamma,
ko na wata ukun da suka rufta tare da bakin ramin.

Ardo da mai unguwa suka sa ranar zama.
Ranar ba ta zo ba, farar mota ta riga ta,
da wani mai takarda daga Abuja,
takalminsa ko ɗigon laka babu.
Ya ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne,
gwamnati kuwa ta ba kamfani.
Gidado ya ce, to, ciyawar da ke sama fa?
Mutumin ya duba takarda, ya juya bayanta.
Babu ciyawa a ciki.

Yanzu waya ce mai ƙaya, daga tafki har gindin dutse.
Chuwang ke gadin ƙofa, da hula mai lamba.
Gidado ya yi kudu, an ce wajen Wamba.

Shekaranjiya ƙaramin ɗansa ya dawo
neman maraƙin da uwar ta bari,
wanda ya saba kwana kusa da ramin.
Chuwang ya dubi hagu, ya dubi dama,
ya ɗaga wayar da hannunsa har ta ja jini.
Ya ce, yi sauri.

Ni fa? Kamfani ya zo da nasa sikelin,
mai lantarki, ba ya neman idona.
Nawa yana rataye a bayan ƙofa,
allurarsa ta ƙi komawa sifili.