Famfon da Arvid Ya Rufe

Asabar ta biyu a watan Mayu, a garin Ashland.
Ƙanƙara ta saki bakin tafki tun tuni,
ciyawar gidana ta rufe idon sawu,
ta maƙwabta kuwa kamar wanzami ya bi ta da aska.

Na turo injin daga gareji.
Ja ne, fentinsa ya ɓare ta gefen hagu,
inda Arvid ya saba maka shi da kututturen tuffa.
Shekara goma sha ɗaya yana yankan filin nan,
bai taɓa koyon kauce masa ba.

Na danna 'yar robar sau uku,
na matse ƙarfen hannu, na ja igiya.
Ya yi tari ɗaya,
irin na tsohon da ba ya son a tashe shi,
ya koma barcinsa.
Na ja. Na ƙara ja.
A ja na tara kafaɗata ta ce ita kam ta gama.

Merle Tuominen ya leƙo ta kan shinge
da kofin shayi a hannu.
“Lorna, fetur ɗin bara ne a ciki?”
Na ce na bara ne. Komai na garejin nan na bara ne.
Na tsiyaye shi a tsohon gwangwanin kofi,
ya yi duhu, yana warin fentin da ya kwana biyu.
Na zuba sabo. Na ja.
Shiru kake ji.

Sai fulogi.
A bangon da ya rataye kayan aikinsa
kowace sifana da zanen inuwarta da baƙin alƙalami,
don kada ta ɓata wurin kwana.
Na ɗauki ta uku, ba ita ba ce. Ta huɗu ta kama.
Kan fulogin baƙi ƙirin da kunkunniya.
Na goge shi da buroshin haƙorin da ba mai shi yanzu,
na mayar, na ɗaure, ban matse da yawa ba,
don na sha jin yana faɗa wa ɗanmu haka.

Da na buɗe murfin matatar iska
sai ga gidan ɓera:
ɓawon iri, busasshen ganye,
da shuɗin zaren ulu, an tsefe shi lallausa.
Safar hannunsa ce, ta dama,
wadda na birkice gida ina nema a watan Janairu
ranar da motar asibiti ta zo.
Ashe wani ya sha ɗumi da ita duk hunturun.
Na daɗe a tsugune.
Merle ya ga haka, ya shige gida bai ce uffan ba.

Na kakkaɓe matata. Na ja. Na ja.
Na zauna a ƙasa, na zagi injin da sunan mai shi.

Daga nan ƙasan ne idona ya kai kansa:
ɗan famfo a jikin tiyon mai,
bai fi ƙumbar babban yatsa ba,
a juye, a gicciye, a rufe.
Shi ya rufe shi, a watan Oktoba,
bayan yankan ƙarshe, kamar kowace shekara,
yana da tabbacin shi zai buɗe.

Na ɗora yatsana inda nasa ya taɓa.
Ya yi tauri, sannan ya bi.
Na ƙirga ashirin, mai ya sauka.

Ja ɗaya.
Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gareji,
karen gidan Merle ya hau haushi,
ƙarfen yana rawa a tafin hannuna har gwiwa.

Na yi layi uku, karkatattu.
A na huɗu na ji ƙau! ta gefen hagu.
Kututturen tuffa ne.