Famfo Biyu a Kan Sikelin Fulawa

Barikisu ta aiko min daga Takoradi,
a hannun direban motar dare,
wani ɗan abu baƙi, bai kai sabulun wanki ba.
Ta ce, "Baba, danna nan, shi zai hura.
Ka huta da durƙuso a bakin titi."

Ni da na yi shekara talatin da ɗaya
ina kai burodi daga Aboabo zuwa Kejetia
da famfon da Mumuni mai faci ya bar min,
dogon ƙarfe, fentinsa ya koɗe,
mariƙinsa ya ci tafin hannuna,
tafin hannuna ya ci mariƙinsa.

Asubar farko na jona baƙon a bakin bawul.
Ya kwarma ihu kamar jaririn injin markaɗe,
karnukan layinmu suka amsa masa,
ladan ko tari bai yi ba tukuna.
Kafin in gama ɗaure kwandon baya
taya ta yi tauri,
lamba ta fito da koren haske,
ya yi shiru don kansa.
Wunin nan kafaɗata ba ta kai ƙarata ba.
Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.
Na rataye tsohon a ƙusa bayan ƙofa.

Sai wata Laraba.
Kwana biyu ba wuta a unguwa,
ruwa kuma ya tsuge tun tsakar dare.
A hawan Asawase ƙaramar ƙusa ta gaishe ni.
Na raɓe ƙarƙashin rumfar mai gyaran rediyo,
na kankare tif, na shafa sholisho, na liƙe,
na danna.
Ya yi tari biyu. Ya lumshe ido.
Na girgiza shi, na roƙe shi, na kira sunan 'yata.
Burodi saba'in na shan iskar damina a bayana,
Fuseini mai shayi na can yana leƙen hanya.
Na tura keken da ƙafa har Alabar,
silifa ɗaya ya tsinke a kwata.

Kada a ce ina yabon tsohon don tsufa.
Shi ma yana da halinsa.
Fatar cikinsa in ta bushe sai ya yi ta huci a banza,
sai na ɗiga masa man gyaɗa ya yarda.
Bugu ɗari da arba'in kafin tayar baya ta miƙe,
kuma babban yatsa ne alƙali.
Ya taɓa yi min ƙarya gaban jama'a,
tif ya fashe, mata suka watsar da tumatir.

Jiya a gidan burodi, kafin a zare itace,
na ɗora su kan sikelin fulawar Hajiya Lariba,
ɗaya bayan ɗaya.
Allura ta ɗan motsa wa ƙaramin,
ta rusuna wa babban.
Yaran kwaɓi suka yi dariya, suka ce an gama shari'a.
Na ce su ɗora min hawan Asawase a kai,
da ruwan, da silifan,
mu ga inda allurar za ta tsaya.

Ɗaya wuta yake ci.
Ɗaya kokon da na sha da ƙosai uku,
daga cikina yake karɓar rabonsa.

Barikisu ta bugo da daddare: "Yana aiki?"
Na ce yana aiki.
Ban gaya mata na sauko da na Mumuni ba,
na ɗaure shi da roba a ƙarƙashin sandar keke.
Nata yana aljihun gaba, kusa da kuɗin ciniki.

An kawo wuta ɗazu.
Ga shi can kusa da wayata, jan idonsa na ƙiftawa,
yana cika a hankali.
Ni kuma ina zaune da kwalbar mai,
ina shafa wa fatar famfo,
ragowar in shafa wa kafaɗa,
tunda ita ban ga inda ake jona ta ba.