Matar Maƙeri

Najahatu ta dawo hutu daga jami'a da wani labari,
tana tsince shinkafa tana ba ni.
Wai Girkawan dauri suna da allahiyar so da kyau,
ba uwa ta haife ta ba,
kumfar teku ce ta turo ta gaɓa
da jiƙaƙƙen gashi, kurciyoyi na biye da ita.
Na ce a'uzubillahi. Na ce ci gaba.

Wai da aka tashi aurar da ita,
duk cikin manyan nasu
maƙeri aka ba, gurgu, mai baƙin farce.
Nan yarinyar ta yi shiru.
Ta saci kallon ƙafata ta hagu, ta mai da ido kan faifai.
Ƙarasa mana, na ce, ai ba yau na fara ɗingishi ba.

Wai matar ba ta zauna ba.
Wani mayaƙi ne ya ɗauke mata hankali.
Maƙerin ya hura wuta, ya ƙera raga
siririya kamar saƙar gizo,
ya kama su biyu a shimfiɗarsa,
ya kira jama'a su zo su gani.
Jama'a suka zo, suka yi dariya.
Ba a faɗa mana wa aka yi wa dariyar ba.

Washegari a Suwame
ina walda ƙarƙashin wata tsohuwar tirotiro,
tartsatsi na sauka a wuyan rigata,
mutumin nan ya ƙi fita raina.
Kai, ɗan'uwa, ga wuta ga guduma,
ga hannun da ƙarfe ke yi wa biyayya,
abin da ka ga ya dace ka ƙera ke nan?

Ni Kumasi na sani, kuma nan babu teku.
Kumfar da na taɓa gani ta sabulun salo ce
a bayan wani gida a Abuabo,
shekara ashirin da shida ke nan.
Sahadatu ce durƙushe gaban baho,
kumfa har gwiwar hannu,
ta ɗago ta ce, mai walda,
kunnen bokitin nan ya cire, nawa za ka gyara?
Babu kurciya ko ɗaya.
Agwagwar maƙwabta ce ke shan ruwan wanki.
Na ce kyauta. Ta ce ba ta son bashi.
Har yau muna wannan ciniki.

Na ƙera mata kurfoti uku, biyu sun mutu.
Na ƙera ƙyauren da ba ta taɓa kullewa ba,
da ƙugiyar rataye lauje, ko da yake ba mu da gona.
Ita kuma, daren da ƙafar nan ta kumbura kamar gora,
ta goya ni har bakin titi
tana zagina ƙasa ƙasa don na ƙi zuwa asibiti da wuri.

Da yamma na tarar da ita tana wanke tukunya,
furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali.
Na tsaya a zaure ina kallo.
Ta ce lafiya?
Na ce Girkawa ne.
Ta ce Girkawa ko girki, miƙo min soso.