Jar Kwalba a Bayan Kujera

Gidana taya huɗu gare shi,
ƙofarsa ja ake yi, ba a turawa.
Yau Bagalam, gobe bakin Gulbi,
jibi in kwana Tibiri ina gyaran keken ɗinki.
Katifa a baya, tukunyar gaz ƙarƙashin benci,
labule, tsummokara, fetur rabin jarka.
Duk abin da wuta ke marmari
na tara mata shi a ɗaki guda.

Shi ya sa duk Juma'a kafin wanka
nake durƙusawa bayan kujerar direba
in kwance jar kwalba daga maɗaurinta.
In goge ta da hannun riga,
in dubi allurarta. Tana kan kore? Madalla.
In kifa ta, in kara kunne,
in ji garin cikinta yana gangarowa
kamar gero a ƙwarya.
Idan ya ƙi motsi sai in bubbuga mata gindi,
don gari in ya daɗe zaune a mota
dunƙulewa yake ya koma dutse,
ran da ka neme shi ya ce bai san ka ba.

Haka ta yi wa Tsahiru.
Tasa ta fi tawa girma,
shekara shida ba hannun da ya taɓa ta.
Daren da tiyo ya tsage a tashar Madarumfa
shayi na kan wuta,
ya zare sakata, ya matsa,
ta yi tari ɗaya ta yi shiru.
Ya fito da ransa da takalmi wari guda.
Har yau in aka ƙyasta ashana kusa da shi
miƙewa yake tsaye.

Sai in kaɗa sabulu a murfin gwangwani
in bi tiyo da kumfa tun daga baki har wuya.
Kumfa ba ta ƙarya:
inda ɓaraka take, nan za ta yi ido ta kalle ka.
Farin faifan nan na rufi mai sansanar hayaƙi,
in danna cibiyarsa ya kwarma ihu,
Habsu ta toshe kunne ta ce,
"Wannan baƙon naka bai iya sallama ba."
Ta manta daren da ya tashe mu
garwashin turarenta na cin tabarma.
Ban tuna mata ba.
Na dai sauya masa batir.

Watan jiya na karanta kwanan da ke wuyan kwalba,
ashe ya shige da wata biyu.
Kafin in kai ta a cika
na kira Zuwaira, shekararta tara,
na kunna tsumma a tsohon kwano a fili.
Na ce, iska ta zama a bayanki,
kada ki bi harshen wuta, harshe surutu ne,
nufi gindinta, ki yi shara hagu da dama.
Farin gari ya rufe mata ƙafa har idon sawu,
ta yi dariya har ta zauna.

Lawali mai cikawa ya ce jikka huɗu.
Ladan keke uku ke nan.
Zuciya ta ce, me ta taɓa tsinana maka?
Na ce, mai gadin da ya kwana ɓarawo bai zo ba
shi ma ana sallamarsa da safe.

Yanzu ta koma mazauninta,
ba a ƙarƙashin buhu ba,
inda hannu zai same ta ko a duhu.
Da dare in na murɗe gaz daga wuyan tukunya
na bar taga buɗe yatsa biyu,
nakan dafa sanyin jikinta in ce,
Allah ya sa ki tsufa ba ki yi aiki ba.
Daga kan katifa Habsu na tambaya
wa ya sake ɗauke mata murfin gwangwani.