Titin Da Ya Haɗiye Korama

Ina yin faci a bakin gadar da ba ta haye komai.
Motar da ta taho da gudu sai ta yi tsalle a nan,
direba ya tsine wa hukuma,
bai san ruwa ya tsallake ba.

Kakata Lamduan ta ce da hannu aka haƙa ta.
'Yan ƙwadago daga Sin, sanda a kafaɗa, kwando gaba kwando baya,
rani uku suna kwasar laka
don shinkafar Siyam ta sami gajeriyar hanya zuwa teku.
Wanda zazzaɓi ya kayar, a gaɓa aka rufe shi,
aka dasa kwakwa a kansa don kada a manta.
An sare kwakwar.
Banki ne a wurin yanzu.

A ruwan nan ta koyi tuƙi kafin ta iya tafiya sosai.
Taliya take sayarwa daga kwale-kwale,
tukunya na tafasa tsakanin gwiwoyinta,
ana miƙo mata kwano da doguwar gora,
a mayar da canji a cikinsa.
Kakana Thongbai ya ci kwano huɗu rana ɗaya
ba don yunwa ba.

Sai injin ya zo, sai taya.
Korama ta koma juji,
kainuwa ta rufe mata fuska, sauro ya yi gari.
Aka zo da takarda mai hatimi.
Wata bakwai tifa na juye ɓaraguzai,
fasassun randuna, ƙaiƙayi, tsohuwar katifa.
Ranar ƙarshe guza ya fito ya tsaya a kan tsakuwa,
ya dubi gabas ya dubi yamma
kamar baƙon da aka sauke a tashar da ba tasa ba.

Dubi gidajenmu da kyau.
Matakala biyar daga kowace ƙofa,
suna gangarowa, sai kwalta ta yanke musu magana.
Zoben ƙarfen da ake ɗaure jirgi
a nan nake ɗaure babur ɗina da sarƙa.
Kwandasta har gobe kiransa ɗaya:
Mashaya! Akwai mai sauka Mashaya?
Yara na sauka da jakar makaranta, ƙafarsu a bushe,
ba wanda ya tambaya.

Jirgin kaka yana ƙarƙashin gida.
Kaji sun yi ƙwai a inda take zama.

Amma ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.
Damina ta bara, dare uku sama ba ta ɗauke ba,
da asuba titi ya ɓace.
Ruwan bai yi ɓatan kai ba ko sau ɗaya:
ya bi ta gaban kantin magani, ya karya kwana a gidan Sangwan,
daidai inda ya saba.
Na ga tarwaɗa a ƙofar banki.

Kaka, shekara tamanin da tara,
wadda ta manta sunana tun bara waccan,
ta leƙo ta taga ta daɗe tana kallo.
Ta ce, kai yaro,
kore kajin nan.
Ina aka ajiye mini filafilina?