Kan Giwa

Ƙasa da Kabala, inda kogi ke rabuwa biyu,
akwai baƙin dutse, bai fi harabar masallaci ba.
Mu masu ɗibar yashi muna ce masa Kan Giwa.
Jatau ne mai gadinsa,
da tocila, da usur, da gwiwa ɗaya mai ciwo.

In damina ta tattara kayanta, ruwa ya ja da baya,
karyar ruwa kan haihu a tsagar da ke kallon gabas.
Bana uku ta samu.
Na gan su da asuba ina tura kwalekwale,
sumul kamar an shafe su da man gyaɗa,
gashin baki ya fi fuskar yawa.
Uwar na jan su ruwa ta ƙeya,
suna kuka irin na ƙyauren da ya manta da mai.

Can sama balbelu sun yi wa dutsen fenti da kashinsu.
Zalɓe na tsaye da ƙafa guda kamar mai bin bashi.
Guza na shan hantsi, idonsa kan ƙwan wani.
Kififiya ba ruwanta da kowa.
Kada fa?
Jatau ya ce tun ambaliyar da ta ci gonar Tasalla
bai sake ganin ko wutsiya ba.
Suna kawai ya bar wa garin.

Yashin gindin dutsen ya fi na ko'ina laushi.
Mai tifa ya ce zai ninka mini kuɗi.
Daren Laraba na tafi, wata bai fito ba,
kuɗin makarantar Uwale na zaune a wuyana.
Sau ɗaya na nutsa bokiti.
Sai ga kai ya ɓullo dab da gwiwata,
autansu ne, da guntun tarwaɗa a baki,
ya dube ni yadda yaro ke duban baƙo a zaure.

Ba a busa usur ba.
Tari kawai na ji daga gaɓa.

Na juye yashin inda na ɗebo shi,
na koma da jirgi ba kaya, yana rawa don rashin nauyi.

Da safe Jatau ya ce, "Jiya ruwa da sanyi, ko?"
Na ce da sanyi.
Ya ɓare goro, ya miƙo mini babban ɓarin.

Har yau ban biya makaranta ba.
Su ukun kuwa sun iya nutso,
autan ma ya fi kowa daɗewa a ƙasa.