Gado Na Sha Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga wa jirgin ƙasa tuta a Haputale,
ja ya tsaya, kore ya wuce.
Ban san akwai jirgin da ba ya jin tuta ba
sai da Ranmenika ta kwanta a asibitin Badulla,
gado na sha huɗu, dab da taga,
roba a hanci, tukunyar iska tana huci a gefe.

Da dare tunani kan shigo tasha, ba ƙaho, ba fitila.
Taragon farko kuɗin magani ne.
Na biyu ɗanmu Sampath, can Doha, wayarsa ba ta shiga.
Na uku wata baƙar magana da na yaɓa mata ranar bikin ƙanwarta,
shekara ashirin ke nan, ban janye ba.
In haye, in zauna,
ya kai ni inda ya ga dama,
da asuba ya sauke ni, ƙafa ba ƙura, jiki ya yi la'asar.

Ranar cikar wata na hau tudu zuwa wurin ibada,
furen ruwa a hannu, tambayoyi cike da baki.
Sudhamma, tsohuwa mai zuhudu,
kai a aske, mayafi ruwan ɗorawa,
ba ta bari na kai aya ba.
Tsintsiya ta miƙo.
Ta ce, "Piyasena, ganyen bishiyar bo ya zuba."

Na yi shara da fushi, kamar mai bin ƙasa bashi.
Ta ce, "Ƙafarka ta hagu, ina take?"
Na duba.
Tana nan, cikin yashi mai sanyi,
tururuwa guda tana haye babban yatsa.
Rabona da in san ina da ƙafa
har na manta.

"In ka ja numfashi, ka san ka ja.
In ka sake, ka san ka sake.
Tsoro zai zo. Ka ce masa, na gan ka.
Ka ci gaba da shara."

Ban iya ba, kada in yi ƙarya.
Numfashi uku, a na huɗu ina kantin magani ina roƙon ragi.
In dawo.
Numfashi biyu, ga ni ina auna farin ƙyallen makoki.
In dawo.
Na kai mata ƙarar kaina, ta yi dariya, haƙori biyu suka rage mata.
Ta ce dawowar ce ibadar.

Yau da yamma ina gefen gado.
Ina ɓare lemu a hankali,
ƙamshinsa ya ture warin asibiti kamu ɗaya, ba ƙari.
Ga hannunta bisa zane,
hannun da ya shekara arba'in yana kankare kwakwa,
yanzu bai fi ganye nauyi ba.
Numfashinta gajere ne.
Na rage nawa har muka jera.

Nas ta shigo, ta rubuta lamba, ta fita ba ta dube ni ba.
Abin ya taso daga cibiya, da zafinsa,
ya tokare a maƙogwaro.
Na ce, na gan ka.
Bai tafi ba.
Ya jawo kujera ya zauna tare da mu,
amma ban hau shi ba, ina kan dandamali.

Na ce, "Menike, maganar nan ta ranar biki..."
Ta buɗe ido guda.
"Wace magana? Ba ni lemun."

Likita ya ce sakamako sai Alhamis.
Yau Talata ce.
Can ƙasan kwari jirgin yamma ya busa,
wani ne ke riƙe da tuta yanzu.
Ta tauna ɓari ɗaya,
ruwan ya gangaro haɓarta,
na goge da babban yatsana.